Tsohuwar tarakta: injin lafiya lau, cutar tana ƙarƙashin kujera

Duk wanda ya ji za mu sayi tsohuwar tarakta, shawararsa ɗaya ce: ku saurari inji. Mun saurara kuwa, injin bai da laifi ko kaɗan. Har yau idan na tuna yadda kowa ya tattara hankalinsa a kan inji sai raina ya ɓaci, domin abin da ya cinye mana kuɗi da farkon damina yana can baya, inda ba wanda yake leƙawa.

Gajiya da jiran taraktar haya ce ta sa ni da yayyena muka haɗa kuɗi. Ruwa zai sauka, ƙasa ta yi laushi, kai kuma kana bin direba daga wannan gona zuwa waccan kana roƙo. Dillali ya kai mu wajen wata Massey Ferguson 375, mai injin Perkins silinda huɗu. Farantin da ke jikinta ya nuna ƙirar Ingila ce, irin waɗanda aka fara yi a 1986, ba ta kamfanin Millat na Pakistan ba, kuma wannan kaɗai ya ɗaga farashinta. Mun tsaya a kan Massey ne saboda kayan gyaranta ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, saɓanin tsofaffin Steyr ɗin da aka riƙa haɗawa a Bauchi.

Da sassafe muka je, bakanikenmu ya ɗora hannu a kan injin ya ji shi da sanyi, ba a riga an ɗuma shi ba. Bugu ɗaya ta tashi. Hayaƙin ya washe nan da nan, baƙin mai bai gauraya da ruwa ba, lagireto ba ya kumfa. Yaya har ya fara maganar la'ada.

Bakaniken ne ya ce a ɗaura mata garma mai faifai uku a shiga fili. Mai motar ya ɓata fuska.

"Haba malam, ai ka ga ta ɗaga a gabanka."

"Na gani, Alhaji, da sanyi ta ɗaga. Ina so in ga ta ɗaga da zafi."

Da farko tana ɗaga garmar cak. Da aka jima ana huɗa, mai ya ɗauki zafi, sai hannuwan baya suka fara rawa, suna hawa da kyar suna tsayawa a rabi. Aka kashe inji garma na sama, muna kallo ta sulale har faifan suka dafa ƙasa. Bakanike ya zaro ma'aunin man giya ya murza tsakanin yatsunsa: mai ne mai kauri kamar zuma, an zuba shi ne don ya rufe asirin famfon da ya cinye. A irin wannan Massey, famfon haidirolik yana cikin tukunyar giya ne, ƙarƙashin kujerar direba, kuma mai ɗaya suke sha da giyar. Muddin man yana da sanyi da kauri, famfo ko ya mutu rabi zai ɗaga.

Dillali ya ce ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. An rage mana kuɗi, muka saya, amma ragin bai kai rabin abin da gyaran ya ci ba. Da aka ɗage murfin sama, bayan famfo sai ga silindar ɗagawa ta karce, zobbanta sun ƙare, ga dagwalon ƙarfe a gindin tukunya. Famfon farko da aka kawo jabu ne, aka mayar. Kafin a gama, maƙwabta masararsu ta tsiro, mu muka koma layin hayar da muka gudu, da tamu motar a fake a ƙofar gida.

Yanzu tana aiki, ta yi mana huɗa, tana jan tirela da kaka, kuma ban yi nadamar sayenta ba. Amma duk wanda ya ce in raka shi ganin tarakta, ba na barin a yi ciniki sai an ɗaura mata garma ta yi aiki har tukunyar giya ta yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, sannan a ɗaga a kashe inji a tsaya a gani. Idan mai ita ya ce babu garma a kusa, mu muke zuwa da tamu, mu kuma sayi man da za a ƙona.