Abin da ɗurin zoɓo ya koya mini

Bayan ƙaramar Sallar 2024 na ajiye aiki a gidan zoɓon da nake. Azumin shekarar ya faɗo a Maris da Afrilu, zafin Kano na kaiwa digiri 40, wuta kuwa sai an ganta. Mai kula da mu ta ce man janareta ya yi tsada, don haka a ɗura zoɓo da daddare, a jera a sito, sai gari ya waye a sa ƙanƙara. Ta kuma sa a riƙa jefa kanwa a tukunya don tsami ya mutu a rage sukari, ga ɗanyen ruwan abarba da ake zubawa bayan an sauke.

Na ce mata, "Anti, tsamin nan shi ke tsare zoɓo, kanwa kuma karya shi take yi." Ta ce ba malami ta ɗauka ba.

Ɗanyar abarba da tsohuwar gora duk suna ɗauke da yis, irin ƙwayar halittar da ke sa ƙullu ya tashi. In ya samu sukari da ɗumi sai ya ci, ya fitar da iska da barasa. Haka ake yin giya, bambancin kawai tsawon lokaci. Wannan ya fi asarar kuɗi tayar mini da hankali: mai azumi ya amince da mu, mu miƙa masa abin da ya fara juyawa.

Gorori suka kumbura, masu shaguna suka dawo da kaya. A gaban Hajiya mai gidan, mai kula da mun nan ta ce ni ce ban ɗaure murafu da kyau ba, aka yanke asarar a albashina. Alhali gorar da murfinta ya yi sako-sako ba ta kumbura, iskar fita take yi. Na faɗi haka, ba wanda ya saurara. Allah Ya isa.

Yanzu a gida nake nawa. Sabuwar gora kawai, abarba tare da zoɓo take tafasa, in ya huce a rufe sai firji. Gorar da na matsa na ji ta yi tauri, zubarwa nake. Kunun aya ba shi da tsamin da zai kare shi, sai an yi oda nake yi.

Ke da kike ƙarƙashin wata, duk umarnin da bai kwanta miki ba, ki ce a turo miki a rubuce ta waya. Da ina da wannan a hannu, da ba a taɓa mini albashi ba.