Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Akwatin Wasa a Falonmu na Nima

A makon jiya na tsaya a inda na kama shagon gyaran talabijin da rediyo a Nima, unguwarmu da ke birnin Accra na Ghana. Yau zan ba da labarin wani aiki da na ɗauko don sha'awa kawai, wanda ya kusa jawo saɓani tsakanina da uwargidana.

Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya zuciyata ta kamu da son akwatunan wasan bidiyo, irin dogayen nan da ake tsayawa a gabansu a jefa sulalla. Akwai wani shago kusa da shataletalen Circle da nake raɓewa a ƙofarsa duk lokacin da aka aike ni, ina kallon samari suna fafatawa a Street Fighter II, wasan da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Kowane ɗan wasa yana da sandar sarrafawa ɗaya da maɓallai shida, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa, kuma har yau ina jin ƙarar maɓallan nan a kunnena. Kuɗin da ke hannuna na aike ne, saboda haka kallo kaɗai nake yi in wuce.

A 2016 wani ya sayar mini da tsohon allon kwamfuta mai inci 19, a daidai lokacin da na fara karanta labarin MAME, manhajar da wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fitar a 1997 domin kada tsofaffin wasanni su ɓace idan injinansu sun lalace. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi kayan cikin tsohon akwatin, har wasan ya tashi kamar yana gidansa na asali. Da na gane cewa Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Birtaniya da ba ta wuce tafin hannu ba, za ta iya ɗaukar wannan aiki, sai na rasa sukuni. Na je Zongo Lane na sayo waya da lasifika, na wuce Timber Market na ɗauko falankin fulawud, na shigo da shi gida ban shawarci kowa ba. A nan na yi kuskure.

Uwargida ta dubi katakon ta ce, "Maigida, wannan kuma na mene ne?" Na yi mata bayani cikin zumuɗi, ta saurara har na gama, ta koma kan kekenta na ɗinki ba ta ce uffan ba. Sai bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, ta zauna kusa da ni ta ce, "Baban yara, na roƙe ka don Allah, kada ka shigo mana da caca cikin gida." Da farko maganar ta ɓata mini rai, amma da ta ci gaba sai jikina ya yi sanyi. Ƙanenta ya taɓa narkar da jarinsa a injinan nan na jefa kuɗi da suka cika lungunan unguwa, kuma ita ce ta riƙa share hawayen mahaifiyarsu. A idonta, duk akwatin da ke da fitilu da ƙara da ramin sulalla abu ɗaya ne. Ta ƙara da cewa gidan haya muke, ɗaki da falo, kekenta ma da ƙyar ya sami wuri, kuma ba za ta so 'yan gida su ce a ɗakinmu ne 'ya'yansu suke guje wa makarantar Islamiyya ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma a ganina duk mai son kafa irin wannan abu a zango dole ya amsa waɗannan tambayoyi kafin ya taɓa zarto.

Na jingine falankin a bayan ƙofa har mako uku. Ranar da na sake tayar da maganar, na baje kayan a kan tabarma na nuna mata su ɗaya bayan ɗaya. Na bayyana mata cewa injin caca yana karɓar kuɗi ne ya biya bisa sa'a, wannan kuwa ba ya biyan kowa ko kwabo, gwaninta ce kawai ta ido da hannu. Na yi mata alkawarin ba zan huda masa ramin kuɗi ba, ba zan taɓa kuɗin cefane a kansa ba, kuma da an kira salla za a kashe shi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko tef ɗinta na awo. Ta auna tsakanin kekenta da bango, ta duba zanen da na yi, ta ce akwati mai tsawon ƙafa shida zai tare hanya, yara ma ba za su kai ga maɓallan ba. Shawararta ita ce in yi gajere wanda za a ɗora a kan tebur, idan an gama a ɗauke. Ban ji daɗin rabuwa da dogon akwatin da na daɗe ina mafarkinsa ba, amma awonta ya fi nawa daidai.

Wani kafinta a Mamobi ne ya yanka mini gefunan biyu, sauran aikin kuwa da hannuna na yi shi. Huda ramukan maɓallai ya fi komai neman natsuwa, domin kowane rami milimita 28 ne, kuma idan aka matsa wa injin hudar, bayan fulawud ɗin tsagewa yake yi, sai an tara masa wani guntun katako a ƙasa. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni mai ƙara "ƙas", wanda waya biyu ke kamawa, su tafi zuwa wani ƙaramin allon lantarki da ke sadar da su da kwamfutar ta USB. Daren da nake wannan haɗi aka ɗauke wuta. Ina shirin tattara kaya sai na ga haske a kan hannuna: ita ce ta durƙusa da tocila, tana kiran launin kowace waya ina sakawa. Da wuta ta dawo muka kunna, sai ga sanda tana aiki a juye, in an tura hagu abu ya tafi dama. Ita ta tuna mini cewa na musanya shuɗiya da koriya.

Wasan da ta fara gwadawa shi ne Pac-Man, wanda Namco ya fitar a 1980, saboda ba ya bukatar maɓalli ko ɗaya, sanda ce kawai a kai ta ɓangarori huɗu. Ta riƙe ta da yatsu uku kamar yadda take riƙe alli a kan yadi, kuma ba ta tashi ba sai da ta cinye zagayen farko. Kwana biyu bayan haka na tarar ta ɗinka wa akwatin riga da ragowar atamfa, har da zip a baya wurin wayar wuta, don kada ƙurar hunturu ta shiga. Da ta kwashi adashinta na wannan wata, ta ƙirgo wani abu ta ajiye a gabana ta ce, "Maigida, ka sayo sanda ta biyu, yara biyu ba za su zauna lafiya a kan ɗaya ba."

Ba a yi wata guda ba wani maƙwabcinmu ya yi sallama da kuɗi a hannu, yana so in haɗa masa irinsa, amma shi da ramin sulalla yake so. Yadda muka ƙare da shi, da abin da uwargida ta ce, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.