Inda aka kwana kan gangar jirgin rimot mai sauka a ruwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ƙasan gangar ya bushe, ga yadda aikin ya tafi.

Da farin fom irin na cikin kwalin firij na sassaƙa siffar, na lulluɓe ta da ƙyallen faiba, wato saƙar zaren gilashi, shimfiɗa biyu, mai giram 80 a murabba'in mita. Ta farko zarenta ya bi tsawon jiki, ta biyu na karkata ta digiri 45 don kada gangar ta murɗe. Rezin ɗin, wato gam ɗin da ake jiƙa ƙyallen da shi ya daskare, ifoksi ne, wanda ake kwaɓawa da sinadarin daskarwa. Rezin ɗin foliyesta da masu gyaran bambar mota ke aiki da shi ya fi araha, amma nan take yake cinye wannan fom ɗin.

Zafin Sakkwato shi ne ya tsara mini lokacin aiki. Mintunan aiki kafin ifoksi ya kama da aka rubuta a jikin gwangwani an auna su ne a wajen digiri 25, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin kusan rabi. Ga shi ifoksi da kansa yana fitar da zafi in ya fara kamawa. Ka bar shi a kofi mai zurfi, sai ya dunƙule har da hayaƙi. Don haka bayan sallar asuba nake farawa, in kwaɓa giram 30 kawai, in juye a faranti mai faɗi. A auna da sikeli, a sa safar hannu. Kada wani ya rage sinadarin daskarwa wai don ya sami lokaci, aikin zai zauna da danƙo ne kawai.

Batun yoyo nan ne mutane ke ɓata aiki. Da sun ga ruwa ya shiga sai su yi ta lafta rezin, jirgi ya yi nauyin da ba zai tashi ba. Ni nauyin ƙyalle nake aunawa, in ba shi rezin kusan daidai da hakan. Ruwan ta 'yan ramukan da ke tsakanin saƙar yake bi, ƙanana kamar bakin allura. Na goge da samfefa, na shafa siririn ifoksi da tsohon katin ATM, ina dannawa ya cike ramukan, ina kankare ragowar. Gwajinsa a baho: ƙullin yashi mai nauyin batir da injin a ciki, tishu a ƙarƙashinsa, ya kwana. Tishun ya wayi gari a bushe, sai ɗan danshi ta wajen wutsiya, inda ƙyalle ya yi kwana mai kaifi. Can zan ƙara siririn tsiri.

Fenti fari zan yi, ba don ado ba. Ifoksin da ya daskare ba tare da an gasa shi ba yana fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60, baƙin fenti kuwa a ranarmu ya wuce haka. Dalilin ke nan ake fentin jiragen fom da faiba da fari, irin su VariEze na Burt Rutan da ya fara tashi a Amurka a 1975.

Saura murfin sama. Shi da leda zan matse shi, kwamfuresan tsohon firij ya zuƙe iskar. In akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan a cikinku, ya faɗa mini yadda ya hana man kwamfuresan fesowa.