Abin da Na Koya Game da Yaran da Ke Daina In'ina da Kansu

Koyar da ƙananan yara a birnin Kano ya haɗa ni da iyaye da dama waɗanda 'ya'yansu suka fara in'ina, kuma kusan kullum shawarar da kakanni ke ba su ita ce, "A ƙyale shi, zai bari da kansa." Da na koma karatu a fannin ilimin masu buƙata ta musamman, sai na tarar masana sun daɗe suna auna wannan magana.

A Jami'ar Illinois ta Amurka, Ehud Yairi da Nicoline Ambrose sun bibiyi yara 84 tun daga farkon in'inarsu har tsawon aƙalla shekara huɗu, kuma rahotonsu na 1999 ya nuna cewa kimanin kashi 74 cikin ɗari sun daina ba tare da an yi musu wani magani ba. Wani binciken da aka buga a 1964 kan yaran garin Newcastle na Ingila ya sami kusan kashi 80. Ashe kakanninmu suna da hujja.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaro ɗaya cikin huɗun nan da ya rage, domin shi ma an ce a ƙyale shi, har in'inar ta bi shi zuwa girma. Binciken na Illinois ya nuna alamun da za a lura da su. Yara mata sun fi saurin dainawa, shi ya sa a cikin manya maza masu in'ina suka ninka mata kusan sau huɗu. Idan a dangi akwai babban da har yanzu yake yi, ko yaron ya fara bayan ya wuce shekara uku da rabi, ko an shekara ba ta ragu ba, to ci gaba da jira sakaci ne, ya kamata a nemi ƙwararren mai gyaran magana, duk da ƙarancinsu a wurinmu.

Saboda haka nakan rubuta watan da yaro ya fara, in tambayi mahaifiyarsa tarihin dangi, in hana 'yan aji kwaikwayonsa, kuma ba na ƙarasa masa kalma ko in ce masa ya nutsu, domin hakan kunya yake ƙara masa.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗar iyaye a nan. Yaro zai biya karatu tare da 'yan'uwansa a Islamiyya tiryan-tiryan, sai a ce ya warke, ko ma a zarge shi da yi da gangan. Masana sun san cewa karatun taro da rerawa suna ɓoye in'ina na ɗan lokaci, don haka nakan roƙi iyaye su saurari yadda yake ba da labari shi kaɗai a gida kafin su yanke hukunci.