Abin da mai POS yake gani

A ƙauye irin namu mutum uku ne suka san cikin gari: liman, ungozoma, sai mai POS. Ni ne na ukun. Rumfata tana bakin titin da motocin shanu ke bi zuwa Maigatari ranar Alhamis. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, kusan kowane gida ya koma hulɗa da ni. Wanda ba shi da asusu ma ta nawa ake turo masa.

Da an kai amfanin gona gida samarinmu suke tafiya ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, masu ga-ruwa da masu tura baro. Duk abin da suka aiko ta hannuna yake bi. Na san wanda ba ya fashin aike duk Juma'a, na san wanda ya yi shiru tun tafiyarsa, matarsa tana zuwa da goyo tana tambaya a hankali ko an ga wani abu.

Wata dattijuwa ta taɓa zama a bencina har layi ya watse, sannan ta matso. "Ɗan nan, nawa yaron nan ya aiko wa matarsa jiya?" Na ce, "Gwaggo, ga wayata, bari in kira miki shi ki ji daga bakinsa, ba sai kin biya kati ba." Ta harare ni, ta ce a gabanta aka yanke mini cibiya. Gaskiya ta faɗa, kuma ina ganin girmanta har gobe. Amma da na buɗe baki, a daren nan za a fara lissafi a tsakar gida, ita an ba ta kaza, suruka an ba ta kaza, kuma Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya. Aure nawa ne irin wannan ƙaramar magana ta kashe?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne magidancin da gari ke yi wa kallon mai hali, ya miƙo kati a gaban jama'a, na'ura ta nuna kuɗin ba su kai ba. Ba na ɗaga murya. Sai in ce, "Alhaji, ɗan zagayo ta nan," in karkata masa na'urar ya gani da idonsa, in yage rasit ɗin in sa a aljihuna. Ba na barin takardar nan a ƙasa, don yaran makarantar boko suna tsinta su karanta. Tsofaffi kuwa, masu naɗe lambar sirri a 'yar takarda cikin hula, kullum sai na roƙe su: "Baba, kada ka faɗa da ƙarfi, miƙo in gani."

Abin ya wuce kunya kaɗai. Wanda ya sayar da bijimi a Maigatari ya zo ya ciri kuɗi, idan na yi zancensa a teburin mai shayi, ban san kunnen da zai ɗauka ba. Mun ji yadda masu kai wa ɓarayi rahoto suka jefa ƙauyukan Zamfara da Katsina cikin bala'i, kuma sau da yawa daga hira ake tsintar labarin.

Malaminmu na makarantar dare yana yawan kawo mana labarin Anas ɗan Malik. Yana yaro Annabi (SAW) ya aike shi, ya yi jinkirin komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken mene ne, ya ce sirri ne. Ba ta matsa masa ba, sai ma ta ƙara ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Ita uwar ce take burge ni, domin da masu tambaya za su rage, da masu riƙon amana sun huta.

Wuri ɗaya ne ba na yin shiru. Idan yaro ya zo da katin mahaifinsa yana waige-waige, ya ce in cire masa dubu biyar kada Baba ya sani, ba na cirewa. Ba na tara masa jama'a, ba na kuma kai zancen majalisa. Ina riƙe katin, bayan sallar isha'i in taka da ƙafata in kai wa mai shi a zaure.