Abin da Bach ya bar wa makaɗi

Da kiɗe-kiɗen Brandenburg guda shida na fara koyon karanta takardun kiɗan Turai na zamanin Baroque. Kiɗe-kiɗen nan shida Johann Sebastian Bach ne ya sadaukar da su ga basaraken Brandenburg, Christian Ludwig, a 1721. Na ɗauko na uku kyauta daga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, na buga shi a takarda. Layuka ne jere: biyolin uku, biyola uku, celo uku, duk dangin goge, sai layin ƙasa mai kaurin murya. Ido yakan so bin na sama, tunda can zaƙin yake. Malamin da ke duba ni ya hana. Ya ce in rufe komai da hannu, in rera layin ƙasa shi kaɗai har ya zauna mini a kunne.

Wannan umarni ya buɗe mini hanya. A kiɗan wancan zamani, layin ƙasa shi ne tushe. A takardu da yawa za ka ga ƙananan lambobi a jikinsa, 6 ko 4 ko 7, suna gaya wa mai hapsikod, abin kiɗa mai kama da fiyano, tazarar sautin da zai ɗora a kai. Hannun hagu an rubuta masa, na dama kuwa shi zai ƙirƙira nan take.

Tsakiyar kiɗa na ukun nan ta fi ba ni mamaki. Inda ake sa ran sashe mai tafiya a hankali, haɗin sauti biyu kacal Bach ya ajiye. Wasu ƙungiyoyi su kaɗa biyun su wuce, wasu su bar mai biyolin ko mai hapsikod ya yi ta ado kafin a sauka. Na saurari iri-iri da takarda a gabana, kuma ni dai na fi son masu adon, in bai yi yawa ba.

Daga nan na shiga littattafai. Na Johann Joseph Fux, Gradus ad Parnassum, ya fito a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1725 da Latin, hira ce tsakanin malami da almajiri kan yadda ake haɗa muryoyin kiɗa. Sauti ɗaya kan ɗaya ake farawa, sannan biyu, sannan huɗu, da doka mai tsauri: muryoyi biyu ba sa tafiya tare da tazarar biyar a jere. Haydn ya yi karatu da shi, ya kuma koyar da Beethoven da tsarinsa. Karanta shi kamar labari ba ya amfanar komai, sai da fensir da magogi, kamar ɗan makarantar allo yana wankewa yana sake rubutawa.

Na Rameau, masanin kiɗa Bafaranshe, na 1722 ya fi nauyi, lissafi ya yi masa yawa. Abu ɗaya na riƙe daga gare shi: haɗin sauti ko an juya shi, asalinsa ɗaya ne. Da wannan na gane abin da lambar 6 take nufi, na kuma fara cike hannun dama da kaina, a hankali ƙwarai.