Ruwan masana'antu da takardar rance

Duk wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Challawa a Kano da rana tsaka ya san warin da ke tashi daga magudanan masana'antun jima. Na sha tsayawa ina kallon ruwan, baƙi ƙirin da kumfa a samansa, alhali a can gaba manoman rani suna ban ruwan latas da shi, abin da ke damuna ƙwarai.

Dokoki kam akwai su. Tun 1992 aka wajabta tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, a 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tabbatar da ana bin dokokin kare muhalli, sannan Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta umarci kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in da zai kula da rage hayaƙi.

Sai dai a ganina, wadda ta fi taɓa aljihun ɗan kasuwa ita ce ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya amince da ita a 2012, wadda ta ɗora wa bankuna duba illar sana'a ga muhalli kafin su ba da rance. Wani kawuna mai ƙaramar majema ya nemi bashi bara, aka tambaye shi inda yake zubar da ruwan jimarsa, ya dawo gida ransa a ɓace. Na tausaya masa, domin injin tace ruwa ya fi ƙarfin jarinsa, amma tambayar tana kan hanya. Abin da nake fata shi ne a samar wa ƙananan majemu matatar ruwa guda ta haɗin gwiwa, kowa ya biya gwargwadon ruwan da yake fitarwa.